Hirar Darakta da Iya Mai Waya

Gari ya yi sa'a idan Allah ya ba shi mutum ɗaya wanda ya san komai. Namu ya yi wannan sa'ar shekara goma sha tara da suka wuce, ranar da aka naɗa Darakta ya riƙe gidan adana kayan tarihi. Wasu garuruwan sai sun tara tsofaffi, sun tono takardu, sun yi gardama har murya ta dushe, kafin su san abin da ya faru jiya. Mu an hutar da mu. Abin da ya faru jiya yana nan a ofis na biyu hannun dama, bisa kujera mai juyawa, daga ƙarfe goma zuwa ƙarfe ɗaya.

Shi ya raɗa wa kansa suna Rumbun Tarihi. Ba wanda ya yi masa musu, domin kowa ya san halin rumbu: daga waje ba a gane ko da hatsi a ciki. Ma'aikatansa kuwa, wato akawu da mai gadi da matar da ke shara, Na-Sha-Faɗa suke kiransa, saboda da waɗannan kalmomi yake buɗe kowace magana. Kuma ba ƙarya yake yi ba. Ya sha faɗa.

Gidan ɗaki uku ne. A na farko akwai akwatunan gilashi masu tsoffin makullai, da duwatsun sikeli, da keken buga rubutu wanda haruffansa huɗu suka zube. Na biyu a da ɗakin taswirori ne. Darakta ya lura taswira ba ta jan hankalin jama'a, sai ya naɗe su, ya rataya hotuna arba'in da ɗaya. A kowane hoto yana gaisawa da wani babban mutum. A wasu, firam ya yi kaɗan, dole aka rage wani abu, shi ya sa za ka ga Darakta cikakke, babban mutumin kuma hannunsa kawai. Ɗaki na uku a kulle yake tun shekarar da rufinsa ya fara yoyo. Darakta ya ce bincike ake yi a ciki. Yana yiwuwa. Gara ma ai bincike take yi.

Akwai kuma littafinsa, cikakken tarihin garin, juzu'i na ɗaya. Ba a buga shi ba tukuna, ba kuma wanda ya taɓa ganin ko bangonsa, amma Darakta ya san shafukansa kamar yunwar cikinsa. In ka ce masa an yi ruwa jiya, sai ya ce ai ya yi wa ruwa cikakken bayani a shafi na casa'in.

Kowace shekara sashen tarihi na jami'a kan gayyace shi ya yi wa ɗaliban ajin ƙarshe jawabi a kan aikin da ke jiransu. Bai taɓa ƙin zuwa ba. Mutum ne mai sadaukar da kai.

"Na sha faɗa," in ji shi, yana dafe da teburin jawabi da hannu biyu, "mai digirin tarihi ba ya neman aiki. Aiki ke nemansa. Likita mutum ɗaya yake dubawa, mu al'umma muke dubawa. Injiniya gada yake ginawa, mu zamani muke ginawa. Kuna iya zama jakadu. Kuna iya zama masu ba shugabanni shawara. In kuma Allah ya so ku da rahama, kuka yi haƙuri, kuka jure, ɗaya daga cikinku yana iya zama kamar ni."

Bara wani ɗalibi daga layin baya ya tambaya, cikin ladabi, ko mutum nawa gidan tarihin ya ɗauka aiki tun zuwan Darakta. Darakta ya cire tabarau, ya goge, ya mayar.

"Wannan tambayar 'yan lissafi ce, ɗana. Mu ba ma ƙirga kawuna. Zamani muke aunawa."

Amsar dai mutum ɗaya ne, mai gadi, kuma bai karanta tarihi ba. Sauran waɗanda aiki ke nema, da alama aikin bai san unguwarsu ba. Akwai su a shagon gyaran waya, akwai su a bayan sitiyarin tasi. Wani na sa maka sabon gilashin waya yana jero maka dalilai biyar da ke rusa dauloli, kuma duka biyar ɗin daidai ne.

Ana nan, hukumar da ke kula da gidan ta sami sabuwar shugaba, wata dattijuwa da ta yi shekara talatin tana shugabantar makarantar sakandare. Ba ta da yawan magana. Ta zaga ɗakunan biyu, ta tsaya a ƙofar na uku, ta shaƙi iska. A taro na gaba ta ce tsofaffin garin suna tafiya ɗaya bayan ɗaya da abin da suka gani, ba wanda ya ɗauki muryarsu. Aka buɗe gurbin aiki guda: jami'in tarihin baka. Gwaji na wata uku. A ƙarshe za a tara jama'a a kunna musu abin da aka ɗauko. In an ga amfani, a tabbatar da aikin. In ba a gani ba, a soke gurbin baki ɗaya.

Mutum ɗari biyu da sha huɗu suka nema. Wadda ta samu, a unguwa Maman 'Yan Biyu ake ce mata. Shekararta takwas da gama digirin tarihi, kuma duk shekarun nan lissafi da gyaran rubutu take koyarwa a wata firamare mai zaman kanta. Sai da ta ajiye wancan aikin kafin ta kama wannan, kuma makarantar ta maye gurbinta kafin mako ya zagayo.

Mijinta, mai gyaran keken ɗinki ne, ya dube ta ya ce, "Maman 'Yan Biyu, ba dai kin saki reshe kin kama ganye ba?"

Ta ce, "Shekara takwas ina rataye a reshen, Baban 'Yan Biyu. Ka taɓa ganin ya yi 'ya'ya?"

Darakta ya karɓe ta hannu biyu, domin a daren jiya ya tuna cewa gurbin nan shawararsa ce tun tuni. Ya ba ta tebur a baranda, kusa da ƙofar ɗaki na uku. Sannan ya zaunar da ita ya koya mata fasahar sauraro. Darasin ya ɗauki awa biyu da kwata. Ta nuna hazaƙa ƙwarai, domin ba ta ce uffan ba.

Ta shiga gari tana tambaya, har aka kwatanta mata gidan Iya Mai Waya. Shekararta casa'in da ɗaya. Matasa ba za su san aikinta ba. A zamaninta, in kana son magana da wani, sai ka ɗaga kan waya, wata mace ta amsa daga gidan waya, ka faɗa mata lamba, ta soka igiya a rami ta haɗa ku. Shekara talatin da uku Iya na zaune gaban wannan allon mai ramuka, duk maganar garin ta hannunta take bi. Kuma a shekarar da kogi ya karya gada, ya raba garin biyu, ita kaɗai ce ruwa ya rutsa da ita a bakin aiki. Kwana uku ba wanda ya canje ta. Ba abin da ya haɗa wannan tsallaken da wancan sai igiyoyinta.

Shekara sittin ke nan, ba ta taɓa ba kowa labarin ba, har 'ya'yanta. In an tambaye ta sai ta ce kunnenta aka ɗauka aiki, ba bakinta ba.

Maman 'Yan Biyu ta je sau tara ba ta ɗauki rikoda ba. Takan zauna a bakin gado, ta zura wa Iya zare a allura, ta ware mata magungunan safe da na yamma, ta yi shiru in Iya ta yi shiru. A zuwa na huɗu Iya ta fara sakin magana kaɗan-kaɗan, kamar famfon da ya daɗe a rufe. Maman 'Yan Biyu ba ta rubuta komai a gabanta. Sai ta fito, a wurin jiran mota, take ciro littafinta ta zuba abin da ta riƙe kafin ya tsiyaye. A zuwa na tara Iya ta ce, "To, 'yata, kawo abin naki. Amma safiya ɗaya." 'Yar Iya, wadda nas ce mai ritaya, ta ƙara da cewa numfashin tsohuwar awa ɗaya yake bayarwa da safe, daga nan sai gobe, in goben ta zo da sauƙi.

Rikodar gidan tarihi guda ɗaya ce, kuma a kabad ɗin Darakta take kwana. Ba a fitar da ita sai an cika takarda, an rubuta sunan wanda za a yi hira da shi da dalili. Maman 'Yan Biyu ta cika da gaskiya. Wannan shi ne kuskurenta, in gaskiya kuskure ce.

Darakta ya karanta sau biyu. Bai taɓa jin labarin Iya ba, amma Allah ya yi masa baiwar tuna abin da bai taɓa ji ba.

"Iya Mai Waya. Ai ni na gano ta. Shafi na ɗari uku da sha biyu. Malama, irin wannan hirar ba ta 'yan gwaji ba ce. Na sha faɗa, abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ke za ki riƙe jaka, ki kalla, ki ƙaru."

Ranar Talata da ƙarfe tara suka isa. Ɗakin Iya ƙarami ne: gado, taga ɗaya, rediyo da aka lulluɓe da ƙyalle, tire cike da kwalaben magani. Iya ta yi wanka, ta sa tufafinta na fita, ta maƙala a ƙirji wata 'yar lamba ta ƙarfe da aka ba ta ranar da ta bar aiki. 'Yarta ta kawo shayi, ta ja ƙofa.

Rikodar tana da ɗan makirufo guda ɗaya, irin wanda ake maƙalawa a wuyan riga. Ƙa'ida ita ce a maƙala wa mai ba da labari. Darakta ya san ƙa'idar, shi ya koyar da ita. Ya dai maƙala a tasa rigar tukuna, don ya yi 'yar gabatarwa.

Gabatarwar ta ci minti goma sha huɗu. Ta taɓo asalin waya, da asalin wasiƙa, da taron ƙara wa juna sani da Darakta ya halarta inda aka tafa masa a tsaye. Daga nan ya juyo.

"Iya, yanzu za ki gaya mana yadda aka yi ranar da gada ta karye. Amma kafin nan bari in ɗan shimfiɗa wa masu sauraro tabarma."

Tabarmar ta yi tsawo. Ta fita daga ɗakin, ta ratsa tsakar gida, ta kai bakin titi. Da ya tsaya shan iska, Iya ta gyara zama, ta dubi taga, ta fara a hankali.

"Da asuba ne. Fitila ɗaya ta kama a allo, na ɗauka, sai na ji wata mata daga tsallake tana cewa..."

"Da yamma, Iya. Da yamma ne. Na sha faɗa, ƙwaƙwalwar dattijai taska ce, amma taska mai buƙatar ma'aji. Shafi na ɗari biyu da shida: gadar ta karye da yamma."

Iya ta dube shi tun daga hula har takalmi. Ta ce, "To."

A shekarar da ake magana, Darakta yana da shekara uku a duniya, kuma a wani gari.

Maman 'Yan Biyu ta matso, ta yi ƙasa da murya. "Ranka ya daɗe, makirufon..."

"Kada ki damu, Malama. Yana kama ni sarai."

Can an jima Iya ta sake gwadawa. "Akwai wani likita da ya..."

"Likitan. Madalla. Na san ɗansa, mun yi zama a teburi ɗaya." Sai labarin ɗan likita, da abin da ya ce wa Darakta, da abin da Darakta ya ce masa, wanda ya fi tsawo.

"Ba shi ba ne," in ji Iya.

"Shi ne, Iya."

"Ikon Allah."

Daga nan ba ta sake yunƙurawa ba. Ta jingina, ta lumshe ido. Mace ce da ta yi shekara talatin da uku tana jin maza irin wannan a cikin kunnenta, ta san ba a tare ruwa da kwando. Yatsunta ne kawai ke lalube a kan bargo, kamar mai neman igiyar da za ta zare. Rijiya ta bayar, guga ya hana.

Da awa ta cika, 'yar Iya ta turo ƙofa ta ce ya isa haka. Iya ta buɗe ido, ta dubi kofin da ba a taɓa ba.

"Ɗana, shayinka ya huce."

Darakta ya gode mata ƙwarai da ta tabbatar da duk abin da bincikensa ya gano, ya fita yana kakkaɓe riga. Iya ta riƙo hannun Maman 'Yan Biyu.

"'Yata, wannan da a gidan waya ne, layi biyu za mu ba shi. Ɗaya ya kira, ɗaya ya amsa wa kansa."

Suka yi dariya a hankali, har tari ya sarƙe tsohuwar. Suka sa ranar sake zama, mako mai zuwa, su biyu kawai. Ranar Alhamis aka kai Iya asibiti. Bayan kwana tara rai ya yi halinsa, aka dawo da lambarta ta ƙarfe a cikin ambulan ɗin takarda. Darakta ya je ta'aziyya, ya kwantar wa iyalin hankali cewa tarihi ya riga ya adana muryar mahaifiyarsu, kuma da hannunsa.

Maman 'Yan Biyu ta zauna a barandarta ta mayar da hirar rubutu. Minti sittin da bakwai, shafi ashirin da tara. Ta bi da jan biro tana ja wa maganar Iya layi. Biron bai sha wahala ba. Da ta haɗa duka, har da tari, daƙiƙa arba'in da takwas ne, su ma daga nesa, kamar ana magana a ɗakin maƙwabta.

Saura mako uku gwajinta ya ƙare. Ta roƙi a ba ta rikoda ta nemi wani tsohon. Darakta ya ce rikodar da ta ɗauki irin wannan hira ta zama kayan tarihi, har ya sa an saka ta a akwatin gilashi kusa da duwatsun sikeli. Ta roƙi a ɗage taron. Ya ce an riga an buga katin gayyata, da hotonsa. Ta roƙi ya saurari hirar tukuna. Ya ce ya saurara sau uku, kuma aibi ɗaya ya samu: a minti na arba'in tsohuwar ta yi tari a kan wata muhimmiyar kalma tasa. Ko akwai yadda za a cire?

A gida, mijinta bai tuna mata zancen reshe ba. Ya dai tambaya, yana goge hannu da tsumma, ko makarantar can na neman mai koyar da wani darasin. Ta ce ta riga ta tambaya.

Ranar taro aka jera kujeru a ɗaki na farko, tsakanin akwatunan gilashi. Gidan bai taɓa ganin mutane haka ba tun da aka gina shi. Iyalin Iya suka cika layin gaba, 'yarta a tsakiya, jikoki da tattaɓa-kunne a gefe. Tsofaffi suka zo daga tsallaken kogi biyu, wasu da sanda, wani a keken guragu. Shugabar hukuma ta zauna a gefe da jakarta a cinya. Darakta ya sa kujerarsa tana fuskantar jama'a, don kada a sha wahalar waiwaye.

Aka kunna lasifika.

Leɓunan Darakta na bin muryarsa kalma da kalma, yana gyaɗa kai a wuraren da ya yarda da kansa, wato ko'ina. A minti na ashirin wata jika ta raɗa wa uwarta, raɗar da kowa ya ji, "Mama, yaushe Iya za ta yi magana?" Da aka zo wurin da murya siririya ta ce "Da asuba ne," 'yar Iya ta sunkuyo gaba, ta dafe ƙirji. Sai muryar Darakta ta faɗo a kai kamar marfin tukunya.

Daga baya wani tsoho, wanda ya yi aikin kashe gobara a zamaninsa, ya ce ba tare da ɗaga murya ba, "Da asuba ne."

Akawu ya kai hannu zai kashe lasifikar, Shugaba ta girgiza masa kai. Tsohuwar shugabar makaranta ce. Ta yi imani cewa horo, in an fara shi, a kai shi ƙarshe. Aka sha minti sittin da bakwai cif, har zuwa shayin da ya huce.

Ɗakin ya yi tsit. Darakta ya miƙe, fuskarsa na sheƙi.

"Kun ji wannan shirun? Na sha faɗa, tarihi na gaskiya ɗaure baki yake yi."

Shugaba ba ta dube shi ba. Ta dubi Maman 'Yan Biyu, wadda ke tsaye a jikin bango.

"Malama, aikin wata ukun ke nan?"

"Shi ke nan, ranki ya daɗe."

"Sau nawa kika je gidan?"

"Sau goma."

"Taran fa?"

"Ban je da rikoda ba."

"Da kunne fa, kin je?"

Maman 'Yan Biyu ta ciro littafin daga jaka, bangonsa duk ya lanƙwashe. Darakta ya yi gyaran murya, ya bayyana cewa rubutun da aka yi a tsaye a bakin titi ba hujja ba ne a ilmance. Shugaba ta ce za a ji tukuna, in ya so ilmi ya yi haƙuri.

Maman 'Yan Biyu ta fara karantawa. Yadda matar tsallake ta kira da asuba tana cewa ba ta ganin gada. Yadda ruwa ya shigo gidan waya har idon sawu, Iya ta ɗora ƙafafunta a kan kwandon shara ta ci gaba da aiki. Yadda ta karya dokar ofis, ta haɗa layi shida wuri ɗaya, ta riƙa karɓar sunayen waɗanda suka tsira a wannan tsallaken tana karanta wa wancan, kwana uku, har muryarta ta tafi, ta koma ƙwanƙwasa kan waya da fensir: sau ɗaya yana raye, sau biyu ba a gan shi ba tukuna. Yadda ta ɓoye wa wani mutum labarin ɗansa har sai da ta ji an kira matarsa ta tsaya kusa da shi.

Tsohon mai kashe gobara ya dogara sanda ya miƙe.

"Ashe ita ce mai muryar nan. Shekara sittin ban san mai ita ba. Ita ta ce mana mu bi ta bayan makaranta."

"Bayan kasuwa dai," in ji wata tsohuwa daga ɗaya gefen. "Ina tsaye a kan rufinmu na gan ku."

"Ke da kike kan rufi kina kuka, me kika gani?"

"Na ga ka faɗa kwata, shi ne abin da na gani."

Ɗakin ya ɗauka. Wannan ya gyara wa wancan, wancan ya tuno sunan wani da aka manta, wata ta fara kuka ta ƙare da dariya. 'Yar Iya kuwa tana ta juya 'yar lambar ƙarfe a tafin hannu. Darakta ya ɗaga yatsa sau uku yana ambaton shafi, ba wanda ya ji, domin waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Kafin mai gadi ya rufe ƙofa, tsofaffi goma sha huɗu sun ba da sunayensu da kwatancen gidajensu, kowa na cewa a fara da shi kafin wancan ya ɓata labarin.

Bayan mako guda takarda ta zo daga hukuma. An tabbatar da Maman 'Yan Biyu a aikinta. An umarci a fito da rikoda daga gilashi a damƙa mata, da makullin kabad. Sakin layi na uku ya ce, bisa la'akari da girman matsayin Darakta, hukuma na roƙonsa ya daina wahalar da kansa da zuwa gidajen tsofaffi. Darakta ya karanta wannan layin a bayyane ga akawu da mai gadi, ya ce a ƙarshe dai an san darajarsa.

'Yar Iya ta zo baranda wata safiya, ta roƙi a sa mata muryar mahaifiyarta a waya, ita kaɗai. Maman 'Yan Biyu ta yanko mata daƙiƙa arba'in da takwas ɗin, tana ba ta haƙuri. Matar ta kanga wayar a kunne, ta saurara sau biyu.

"Ba komai, ƙanwata," in ji ta. "Ko ba komai, 'To' ɗin nan nata ne. Haka take yi wa babanmu."

Hirar kuma ba ta tafi a banza ba. Wani malamin sashen tarihi da ya halarci taron ya rubuto yana neman kwafe cikakke, ba a cire ko tari ba, don ya riƙa kunna wa ɗalibansa masu koyon ɗaukar tarihin baka. Darakta ya aika masa da hannunsa, da hatimi, da wasiƙa mai shafi huɗu. Yanzu duk wanda ya shigo gidan, ko fakewar ruwa ta kawo shi, sai ya ji cewa hirar Darakta ta zama darasi a jami'a.

Gaskiya ne, ta zama. A mako na biyu ake kunna ta, daga farko har ƙarshe, kuma an ce ɗaliban da suka ji ta ba su taɓa mantawa da wuyan rigar da ake maƙala wa makirufo ba. Ba wanda ya gaya wa Darakta sunan darasin. Shi ma bai tambaya ba. Ko da ya tambaya, da wuya ya tsaya jin amsa.